RUWAN WARDI: GARIN NEMAN GIRA KADA A RASA IDO

A wannan fitowar na so in ci gaba da bayanin lalle ne, to amma wani abu ya faru a unguwarmu wanda ya sa dole na ajiye wancan na ɗauko wannan.

Sauran kwana tara ɗaurin auren wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, sai ga ta da sassafe ta yi min sallama, ta lulluɓe fuska da mayafi kamar mai takaba. Ko zama ba ta yi ba ta fashe da kuka.

"Anti ki rufa min asiri, wallahi na shiga uku."

Na ce, "Subhanallahi, me ya yi zafi haka? Buɗe in gani."

Da ta yaye mayafin sai da gabana ya faɗi. Kumatu da goshi duk sun feso da ƙananan ƙuraje, idonta na hagu ya yi ja wur ya kumbura, yana ta tsiyayar da hawaye. Na tambaye ta ko man bilicin ta shafa, ta rantse min ba ta taɓa ba. Ta ce ita dai abin da ta sani ros wata take goge fuska da shi safe da dare, shekaranjiya kuma wata ƙawarta ta ce mata ta riƙa ɗigawa a ido don ya yi fari tas kafin ranar kamu.

Na aika ƙanenta ya ɗauko min kwalbar. Tun da ƙaramar sallah ta saye ta, ga shi har babbar sallah ta wuce da watanni. A kan taga take ajiye ta inda hantsi ke dukanta. Idan za ta yi amfani, audugar take turawa cikin bakin kwalbar, haka ƙawayenta ma in sun zo. Da ruwan ya yi ƙasa kuma sai ta ƙara masa na famfo, har da matsa lemun tsami. Na ɗaga kwalbar a hasken rana, sai ga wasu abubuwa farare suna yawo a ciki kamar yanar gizo.

Ba mu tsaya wata-wata ba muka nufi asibiti. Allah ya taimaka idon ya tsira, amma an yi bikin nan amarya na ɓoye fuska a hoto. To wannan shi ne dalilin rubutuna na yau.

WAI SHIN MENE NE RUWAN WARDI?

Ruwan wardi, wanda 'yan kasuwa ke kira ros wata, ɗaya ne daga cikin ruwayen da ake tatsowa daga fure ko ganye ta hanyar tururi. Masu sana'ar magani da ƙamshi suna kiran irin wannan ruwa haidirosol. Akwai na furen lemu, akwai na na'ana'a, akwai na lafanda, amma na wardi shi ya fi shiga hannunmu.

Yadda ake yinsa shi ne, a zuba fure a babbar tukunya da ruwa, a rufe ruf, a hura wuta. Tururin da ke tashi sai ya kwaso ƙamshin furen ya bi ta wani bututu da ke ratsa ruwan sanyi, nan sai ya huce ya koma ruwa ya riƙa ɗiga a wani mazubi. Abu biyu ake samu: ɗan mai kaɗan da ke tasowa sama, da ruwa mai yawa a ƙasa. Man nan shi ne turaren wardi mai ɗan karen tsada, domin kuwa sai an dafa fure kimanin kilo 3,000 zuwa 4,000 kafin a sami kilo 1 tak. Ruwan da ya rage kuwa shi ne ruwan wardi.

Sana'a ce mai tsohon tarihi. Tun a ƙarni na 9 wani masani na birnin Bagadaza mai suna Alkindi ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsar ruwan fure. Har gobe kuma ana yi: a garin Kamsar kusa da Kashan a ƙasar Iran, a Isparta ta Turkiyya, a kwarin wardi na ƙasar Bulgeriya, da kuma Ɗa'ifa ta Saudiyya, inda ake tsinkar furen da sassafe kafin rana ta kwashe ƙamshinsa. Idan za a wanke cikin ɗakin Ka'aba ma, ruwan zamzam ake haɗawa da ruwan wardi. Kin ga kuwa abu ne mai daraja, ba na wulaƙantawa a kan taga ba.

Sai dai ki riƙe wannan da kyau: abin da ke cikin kwalbar nan kusan dukkansa ruwa ne, ƙamshin ɗan mitsitsi ne. Wannan ya sa yake da sauƙi a fata, wannan kuma ya sa yake lalacewa.

ƘAMSHI BA SHAIDA BA NE

Da yawa daga cikinmu mun ɗauke shi kamar turare ko humra, waɗanda suke daɗa kyau in sun kwana biyu. A'a 'yar uwa, ya fi kama da zoɓo ko kunun aya. Turaren feshi yana da sinadarin alkohol mai yawa wanda ƙwayoyin cuta ba sa iya rayuwa a cikinsa, shi kuwa ruwan fure na asali ba shi da mai gadi. Da zarar ƙwayar cuta ko fumfuna ta shiga, daga yatsa ko auduga ko ruwan famfo, to ta sami gida. Ga kuma zafin ƙasarmu, wanda a bazara yakan haura digiri 40, sai ta yi ta hayayyafa.

Abin tsoron shi ne, ruwa yana iya ɗauke da cuta alhali yana nan garau yana ƙamshinsa. A shekarar 2021 a Amurka mutane 4 a jihohi 4 daban-daban, wato Jojiya da Kansas da Minesota da Teksas, suka kamu da wata muguwar cuta mai suna meliyoidosis, wadda ƙwayarta ke zaune a ƙasa da ruwa a ƙasashe masu zafi. Likitoci suka rasa inda suka kwaso ta, don babu wanda ya yi tafiya waje a cikinsu. Sai a watan Oktoba hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta gano ƙwayar a cikin wata kwalbar feshin ƙamshin ɗaki, irin na masu magani da ƙamshi, a gidan ɗaya daga cikin majinyatan. Biyu daga cikin huɗun nan sun rasu, ɗaya yaro ne ƙarami, aka kuma janye kwalabe kusan 3,900 daga kasuwa. Wancan ba ruwan wardi ba ne, amma ɗan uwansa ne na kusa: ruwa da ƙamshi a kwalba mai kyan gani. Idan haka ta faru da kayan kanti da ba a ko taɓa ba, ina ga kwalbar da ta yi wata takwas tana shan yatsun ƙawaye?

GWADA KWALBA

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga abubuwan da za ki duba, wasu tun a gaban mai kanti, wasu in kin dawo gida.

1. Duba launi. Ruwan wardi na tururi fari ne kamar ruwan sha, don launin fure ba ya bin tururi. Wanda kika ga ya yi ja ko ruwan hoda, kala aka zuba masa.

2. Karanta takardar jikin kwalbar. Na asali za ki ga an rubuta sunan furen, Rosa damascena, tare da kalmar distillate ko flower water. In kuwa kika ga fragrance ko parfum, to ruwa ne aka haɗa da turaren kamfani. Ba lallai ya zama guba ba, amma turaren haɗi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar wa mutane da borin fata. In kin ga an ce an sa sinadarin hana lalacewa, kada ki guje shi; a ƙasa mai zafi irin tamu wannan taimako ne.

3. Nemi lambar hukumar NAFDAC, da ranar da aka yi shi, da ranar ƙarewar aikinsa, ki kuma tabbatar murfin a liƙe yake ba a taɓa ɓalle shi ba. Wanda ake aunawa daga jarka a ɗura a tsohuwar gorar ruwa, komai araharsa ki bar shi, araha ba ta ado.

4. Girgiza shi sosai ki ajiye. Na asali ɗan kumfar da ya yi nan da nan take kwanciya. In kumfa ta tsaya ta daɗe kamar ta sabulu, an sa masa sinadarin da ke haɗa mai da ruwa ke nan. In kuma kika ga ɗigon mai yana yawo birjik a sama, man turare aka ɗiga a ruwa, kuma ɗigon nan in ya sauka a fata yana iya ƙona ta.

5. Ɗiga kaɗan a farar takarda ki bari ya bushe. Kada ya bar maiƙo, kada ya bar kala.

6. Sansana. Ƙamshin na asali sanyi gare shi, da ɗan ƙamshin ɗanyen ganye, kuma ba ya daɗewa a jiki. Wanda ya bugi hanci kamar alawa ya wuni a hannu, na haɗi ne. Wanda kuma ya koma warin tsami ko na jiƙaƙƙen tsumma, ya mutu.

7. Duk mako ki ɗaga kwalbar a haske. In ya yi duhu-duhu, ko kika ga zare-zare, ko wani abu ya kwanta a ƙasa, zubar da shi. Kada ki ce za ki tace da ƙyalle, tata ba ta cire ƙwayar cuta.

Ku 'yan ajin kimiyya ga wata dabara. Ruwan wardi yana da ɗan tsami kaɗan, kusa da na fatar mutum, wato a ma'aunin pH yana ƙasa da 7. In kina iya samun takardar gwajin nan mai canza launi, ki tsiyaya kaɗan a cokali mai tsafta ranar da kika buɗe kwalbar, ki gwada ki rubuta lambar. Bayan wata guda ki sake. In lambar ta tashi sosai, alama ce ruwan ya fara juyawa. Amma fa a cokali za ki tsoma takardar, ba a kwalba ba.

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna kama jabu da wanda ya lalace a fili ne kawai. Ƙwayar cuta sai a ɗakin gwaji ake ganinta, shi ya sa tsafta da kiyaye kwanan wata suka fi komai.

GWADA FATARKI

Ko ruwan ya ci duk jarrabawar da ke sama, saura ɗaya: shin jininki ya haɗu da shi? Abin da ya karɓi ƙawarki ba dole ya karɓe ki ba.

Kada ki fara da fuska. Ki sami wuri kamar faɗin kwabo a lanƙwasar gwiwar hannunki ta ciki, ki wanke, ki shafa ruwan ki bar shi. Likitocin fata suna ba da shawarar a maimaita haka sau 2 a rana har kwana 7 zuwa 10, saboda wani borin ba ya fitowa ranar farko, sai jiki ya sha abin sau da yawa. In kika ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi, ko wurin ya kumbura, ya yi ƙuraje, ko ya fara saɓa, wanke da ruwa mai yawa ki rabu da shi. Mu masu duhun fata ja ba ya cika nunawa a jikinmu, don haka ki riƙa shafa wurin da yatsa ki ji ko ya yi kaushi ko tudu.

Ke amarya, lissafi mai sauƙi ne: duk abin da ba ki taɓa shafawa ba, ki gwada shi tun saura wata guda. Makon biki ba lokacin gwaji ba ne. Haka kuma kada ki shafa a kan ƙurjin da kika matse, ko fatar da ta sha dilka ko halawa a ranar, ko wadda man bilicin ya cinye, domin ƙofa ce a buɗe.

Sai maganar haɗe-haɗe. In za ki kwaɓa kurkum ko lalle ko garin bulbula da ruwan wardi, kwaɓa na amfani ɗaya a ƙaramin kofi, abin da ya rage ki zubar. Madara da zuma da ƙwai kada su kusanci kwalbar. Lemun tsami kuwa ki yi hattara da shi: in ruwansa ya zauna a fata kika shiga rana, yana iya ƙona wurin ya bar baƙin tabo na watanni.

IDO, JARIRI DA CIKI

Wannan ita ce maganar da na fi so ta zauna muku. Kada ki ɗiga ruwan wardi a ido, ko don fari, ko don afolo, ko don wanke kwalli. Maganin ido ana yinsa ne a wurin da aka kashe duk wata ƙwayar cuta, ruwan kwalliya kuwa ba a yi masa wannan hidimar ba. Kai, ko maganin idon ma in an yi sakaci ga abin da ke biyo baya: a shekarar 2023 a Amurka wani maganin ɗigawa a ido da ya gurɓata ya kama mutane 81 a jihohi 18, mutum 14 suka rasa gani, 4 suka rasu. Irin ƙwayar da ta yi wannan ɓarna, sudomonas, ruwa da wuri mai laima take so, kuma tana iya cinye baƙin ido cikin 'yan kwanaki. In ido ya yi ja yana zugi, ko ba ya son haske, ko gani ya dushe, asibiti za ki nufa a ranar, ba gobe ba.

Jariri kuma fatarsa ba irin taki ba ce. Kada ki fesa wa ƙaninki ko ɗan yayarki don ya yi ƙamshi, musamman ruwan na'ana'a, wanda bai kamata ya kusanci hancin jariri ba don yana iya sarƙe masa numfashi. Mai asma ma kada a yi feshi a rufaffen ɗaki tana ciki.

Game da sha, gaskiya ne Larabawa da Indiyawa suna sa ruwan wardi a shayi da kayan zaƙi, to amma akwai na abinci, akwai na shafawa. In ba a rubuta na abinci ne ba, kada ya shiga bakinki. Kuma ba maganin mara ko na sanyi ba ne, kada wata ta ruɗe ki ki yi tsarki ko matsi da shi.

YADDA ZA KI ADANA SHI

Abokan gabansa uku ne: zafi, haske da hannu. Sayi ƙaramar kwalba wadda za ki ƙarar da wuri, in da hali mai duhu, mai kan feshi, don kada ki riƙa buɗewa. In ba ta da feshi, tsiyayowa za ki yi a kan auduga daga nesa, bakin kwalba kada ya taɓa komai. Ranar da kika buɗe ki rubuta kwanan watan a jiki. Ni dai ƙa'idata, wanda ba shi da sinadarin hana lalacewa ba ya wuce wata 6 a firiji bayan an buɗe, in babu firiji kuwa wata 1 zuwa 2 na haƙura da shi.

In wuta ba ta zama a unguwarku, ki nemi wuri mafi sanyi da duhu a ɗaki, kamar gindin randa. Ko ki yi dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ta fi aiki lokacin rani da iska ke bushe. Ki dai tsayar da kwalbar a miƙe, murfinta a ɗaure.

Ku 'yan makarantar kwana, na san halinku, kwalba ɗaya sai ta zagaye ɗaki. In za ki sam wa ƙawarki, tsiyaya mata a hannu. Kuma ƙasan akwati ya fi kan loka kusa da taga.

IN KINA SON YIN NAKI

Ba wuya. Sami tukunya mai zurfi mai murfi, kifa ɗan kwano a tsakiya, ɗora wani kwanon tasa a kansa yana kallon sama. Zuba wankakken ganyen na'ana'a ko fure a kewaye, ki sa ruwa ya ɗan rufe ganyen kawai. Kifa murfin tukunyar ta baibai, ki zuba ƙanƙara a kansa, ki sa wuta kaɗan-kaɗan na minti 30 zuwa 40. Tururi zai bugi murfin mai sanyi ya riƙa ɗiga a kwanon sama. Wannan shi ne ruwanki. Yi hankali wajen buɗewa, ƙunar tururi ba wasa ba ce.

Kwalbar da za ki zuba ta gilashi ce, ki tafasa ta minti 10 ki bari ta bushe. Na gida ki ƙarar da shi cikin mako guda, a firiji. Furen da ake sayarwa don ado ko kyautar masoya kada ki yi da shi, yawanci an yi masa feshin maganin ƙwari. Wanda kuma aka jiƙa fure ko aka dafa aka tace, wannan shayin fure ne, kwana biyu zuwa uku ya gama aiki.

To 'yan uwa, ban ce ku daina amfani da ruwan wardi ba, ni ma ina da tawa kwalbar, kuma babu abin da ya kai shi daɗi a fuska ranar da ake kwalla rana. Amaryar nan da na ba ku labari ta leƙo ni kwanaki, fuska ta washe. Har da tsokanata wai yanzu ko man shafawa maigidan ya kawo mata sai ya kwana bakwai a gwiwar hannu kafin ya ga fuska. Na ce mata, "Da kin yi haka tun farko, ai da hotunan bikinki sun fi haka yawa."

Yau in kin koma ɗaki, ɗauko kwalbarki ki ɗaga ta a haske, ki tuna yaushe kika buɗe ta. In kin kasa tunawa, zubar da ita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan maganar lalle in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.